Shawarwari kan karɓo kuɗin magani daga inshorar lafiya

A tattaunawar da wasu ma'aikatan gwamnati suka yi kan tsarin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon tsarin inshorar lafiya na NHIS, ƙorafin da ya fi yawa shi ne tarin takardun da kamfanonin HMO, masu biyan asibitoci kuɗin jinyar waɗanda ke da inshorar, ke nema kafin su mayar wa mutum kuɗin da ya kashe daga aljihunsa.

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce, idan an ce magani ya ƙare a asibiti, kada majinyaci ya je ya saya a waje sai an rubuta masa hakan a takarda an buga hatimi, domin rasit ɗin kemis shi kaɗai ba ya wadatarwa, duk da cewa dora wa marar lafiya wannan zirga-zirga ba adalci ba ne. Haka nan, a tabbatar an samo lambar izini daga kamfanin HMO kafin a tura mutum babban asibiti, a kuma ajiye kwafin kowace takarda, saboda fayil kan ɓata. Wanda aka ja masa rai, ya kai ƙara a rubuce ofishin hukumar na jiharsa.