Neman shawara: sau uku muna kai koke ga hukumar birni, har yau shiru

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan al'amarin da ya hana mu barci a unguwarmu kusan shekara guda ke nan. Ni ce sakatariyar kwamitin da mazauna layinmu suka kafa bayan da aka daɓa wa wani matashi wuƙa saboda ya ƙi sakin wayarsa. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai koma daidai ba. Tun daga lokacin ƙwacen waya ya zama ruwan dare, ana haura gidaje, kuma wasu gungu biyu na samari suna arangama da makamai kusan kowane ƙarshen mako, ta yadda da zarar rana ta faɗi kowa yake tattara 'ya'yansa ya kulle ƙofa.

Mun rubuta takardar koke ga hukumar birni har sau uku, ta farkon ma da sa hannun mutane fiye da ɗari biyu, muna roƙon a kawo mana ɗauki a samar mana da tsaro. Amsa ɗaya tak muka samu, ita ma da baki, cewa tsaro aikin 'yan sanda ne. 'Yan sandan kuwa sukan zo su yi kame, amma bayan 'yan kwanaki sai mu ga waɗanda aka kama sun dawo suna zare wa mutane ido. Yanzu wasu daga cikin mazan unguwa sun fara maganar a tara kuɗi a sayi makamai, kuma babban ɗana mai shekara 19 ya ce zai shiga cikinsu. Don Allah, ta wace hanya ake sa hukumar birni ta saurari talaka, kuma mene ne ya kamata mu nema daga gare ta?

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kawo muku ƙarshen wannan fitina. Hajiya, na yi shekaru ina aiki a hukumar birni kafin na yi ritaya, kuma takardu irin naku da yawa sun bi ta hannuna, don haka zan gaya miki abin da yake faruwa da su. Takardar da ta ce "a samar mana da tsaro" ba ta da mai ita a cikin ofis. Magatakarda zai karanta, ya rasa sashen da zai tura wa, domin babu shugaban sashen da zai ce wannan aikina ne, sai a rubuta an gani a ajiye ta a fayil. Sau da yawa ba mugunta ba ce, ko da yake ban wanke kowa ba, akwai masu sakaci da gangan.

Wanda ya ce muku tsaro aikin 'yan sanda ne ya faɗi rabin gaskiya. A wasu ƙasashe 'yan sanda suna ƙarƙashin magajin gari, a wasu kuma suna hannun gwamnatin jiha ko ta ƙasa, saboda haka ku fara tabbatar da yadda naku tsarin yake. Amma ko da hukumar birni ba ta da iko da ɗan sanda ko ɗaya, galibi a hannunta fitilun titi suke, da kwashe shara, da sha'anin kangaye da filayen da aka yi watsi da su, da lasisin wuraren da suke kwana a buɗe, da shirye-shiryen matasa. Waɗannan su ne abubuwan da ba za ta iya cewa ba ruwanta ba.

Kafin ku sake rubuta komai, ku sami littafi guda ku shafe wata ɗaya ko biyu kuna rubuta duk abin da ya faru: rana, lokaci, ainihin wurin, irin laifin, da ko an kai rahoto. Kada ku rubuta sunan wanda kuke zargi, kada kuma ku sa sunan wanda ya ba ku labari. Ina da yaƙinin za ku tarar ba unguwar gaba ɗaya ce ta lalace ba, wurare uku ne ko huɗu. An daɗe da gane haka. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun duba kiraye-kirayen da aka yi wa 'yan sanda a Minneapolis ta Amurka cikin shekara guda, suka tarar kusan rabinsu daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin suka fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sanin ne babban abin da kuke da shi wanda na ofis ba shi da shi.

Daga nan sai ku raba koken gida-gida. Takarda ɗaya ga sashen ayyuka, mai cewa turakun fitila kaza a layi kaza sun mutu tun wata kaza, kuma an yi ƙwace sau kaza a ƙarƙashinsu. Wata ga sashen kula da gine-gine a kan kangon da samarin suke taruwa. Kowace takarda ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku, ku miƙa wa kansilanku kwafi, sannan ku rubuta cewa za ku dawo jin amsa bayan mako biyu, kuma lallai ku koma ranar. Ku nemi kansilan ya gabatar da batun a zaman majalisar birni domin ya shiga rubutaccen bayanin zama. Abu na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne lokaci. Ku binciki watan da ake tsara kasafin kuɗi, domin aikin da bai shiga kasafi ba, komai kyawun alkawarin da aka yi muku, sai wata shekara.

Injiniya Rabi:

Ina goyon bayan Malam Habibu, kuma ina so in ƙara wa Yaya hujjar da za ta riƙe idan wani jami'i ya ce fitila da shara ba maganar tsaro ba ce. A 2016 an yi gwaji a rukunonin gidajen gwamnati na birnin New York, inda aka girka fitilu masu ƙarfi a wasu aka bar wasu yadda suke, kuma ta hanyar ƙuri'a aka zaɓa. Manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka haska. A Filadelfiya ta Amurka kuma an ɗauki ɗaruruwan filayen da aka yi watsi da su, aka kwashe juji, aka daidaita ƙasa, aka shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi, aka kewaye da gajeren shingen katako. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da suke unguwannin da suka fi talauci. Ku lura, gajeren shinge aka sa, ba katanga ba, domin abin da ake so shi ne mai wucewa ya riƙa ganin cikin wurin.

Sai dai a matsayina na mai wannan aiki, ina jan hankalinku cewa girka fitila ya fi kula da ita sauƙi. Masu laifi sukan fasa ƙwan a makon farko. Ku sa a cikin takardarku cewa a ɗaga fitilun sama sosai, a yi musu ragar kariya, a kuma faɗa muku sashen da zai gyara idan sun lalace da kwanakin da gyaran zai ɗauka.

Sani:

Mama, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk wannan rubuce-rubuce watanni zai ci, alhali yau da dare ma za a iya sarar wani. Mu samari mun gaji da ganin ana wulaƙanta iyayenmu a ƙofar gidajensu. Ni dai a ganina ku bar matasan unguwa su tashi su kare kansu, idan aka yi wa ɗaya ko biyu daga cikin ɓatagarin hukunci a bainar jama'a, sauran za su shiga taitayinsu.

Barista A'isha:

Ƙanena Sani, fushinka yana da dalili, ban raina shi ba, amma hanyar da ka kawo na ga inda take ƙarewa, domin a kotu nake haɗuwa da waɗanda suka bi ta. Dokokin ƙasashe sun amince mutum ya kare kansa daga harin da yake fuskanta a lokacin, gwargwadon haɗarin, amma ba su amince jama'a su kama mutum su yi masa duka da sunan hukunci ba. Idan ya mutu, tuhumar kisan kai ce take hawa kan duk wanda ya sa hannu, kuma ba sau ɗaya ba ne ake gane daga baya cewa wanda aka kashe ba shi ne ɓarawon ba. Bayan haka, gungun da aka taɓa ɗaya daga cikinsu ba ya watsewa, ramuwa yake shiryawa, sai unguwar da take da gungu biyu ta wayi gari da uku.

Hajiya, ki hana Sadiƙ riƙe makami, amma kada ki bar shi hannu rabbana, domin matashin da aka hana komai zai yi abin a ɓoye. Sintirin unguwa yana iya zama halal idan an yi shi da sanin 'yan sanda a rubuce, da jerin sunayen masu yi, da dattijo a kowane rukuni, kuma kayan aikinsu su tsaya ga tocila da usur da waya. Game da sakin waɗanda aka kama, sau da yawa dalilin shi ne babu wanda ya je ya ba da shaida, saboda tsoro. Ku nemi zama da shugaban ofishin 'yan sandan yankinku, ku tambaye shi yadda za a karɓi bayani ba tare da sunan mai bayarwa ya fita ba, ku kuma riƙa karɓar lambar kowane rahoto domin ku iya bin sawunsa.

Baban Yusra:

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. Waɗannan samari ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu ne a cikin unguwar, wataƙila ma akwai iyayensu a cikin waɗanda suka sa hannu a takardarku. Na daɗe ina aiki da matasa masu shaye-shaye, kuma abin da na sani shi ne masu riƙe wuƙa da gaske 'yan kaɗan ne, sauran mabiya ne da tsoro ko zaman banza ya ja.

A Boston ta Amurka, a wani shiri da aka fara a 1996, an gano cewa 'yan gungu ƙalilan ne suke da hannu a mafi yawan kisan matasa. Sai aka riƙa tara su gaba da gaba, ga 'yan sanda, ga malaman addini, ga ma'aikatan kula da matasa, a gaya musu cewa duk gungun da ya sake zubar da jini hukuma za ta dira a kansa gaba ɗaya, wanda kuma yake son fita ga hanyar aiki ko karatu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kisan matasa ya ragu da kusan kashi 63 cikin 100. Glasgow ta Sikotland, wadda ta yi ƙaurin suna wajen faɗan wuƙa, ta kafa sashen rage tashin hankali a 2005, daga baya ta ari wannan salo. Ba na cewa ku kwafo shi yadda yake, domin yana buƙatar kuɗi da jami'ai masu cika alkawari, kuma a Boston ɗin ma kashe-kashe sun sake ƙaruwa bayan da aka yi sakaci da shirin. Amma ku sa buƙata guda a cikin takardunku ta neman gurabe na koyon sana'a ko aikin wucin gadi ga samarin layinku, ku kuma gayyaci iyayen waɗanda ake zargi zuwa zama na sirri, ba na tozartawa ba.

Nas Hauwa:

Ƙarin bayani kaɗan a kan littafin da Baba Habibu ya ce a buɗe. Yawancin waɗanda muke ɗinke wa rauni ba sa zuwa wurin 'yan sanda, don haka alƙaluman hukuma kan nuna abin bai kai yadda yake ba. Wani likitan tiyata mai suna Jonathan Shepherd ya lura da haka a Cardiff ta Birtaniya, ya sa asibiti ya riƙa tattara wuri da lokaci da irin makami ba tare da suna ba, ana ba hukumar birni da 'yan sanda. Ku roƙi hukumar ta nemi irin wannan bayani daga asibitin da ya fi kusa da ku. Ku kanku ba za a ba ku ba, saboda sirrin marasa lafiya.

Maman Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Habibu, maganarku ta sa na koma na karanta takardunmu uku, kuma gaskiya babu sunan layi ko ɗaya a cikinsu, babu kwanan wata, kuka ne kawai. Daren jiya na zauna da Sadiƙ na karanta masa abin da Barista ta rubuta. Bai ji daɗi ba, amma ya yarda shi da abokansa biyu za su zagaya da rana su ƙirga fitilun da suka mutu, su ɗauki hoton kangon nan da ke bayan layinmu, wanda tun kafin mu buɗe littafi kowa ya san daga nan ake fitowa. Sani, na ji zafin da ke ranka, kuma zan nemi zama da 'yan sanda a wannan makon a kan maganar sintiri. Tambayata ta ƙarshe ita ce, idan za mu je majalisar birni, mu tafi da jama'a da yawa ne ko wakilai kaɗan?

Malam Habibu:

Ku tafi da yawa domin a ga fuskokinku, amma mutum uku kacal su yi magana, kowanne da buƙatarsa guda a rubuce, kuma kada wanda ya wuce minti uku. Idan mahaifiyar yaron da aka daɓa wa wuƙa za ta iya, kuma ba ta jin tsoron abin da zai biyo baya, ita ce za ta fara. Kafin ku tashi, ku nemi a faɗa muku sunan jami'in da aka ɗora wa kowace buƙata da ranar da za ku dawo, ke kuma a matsayinki na sakatariya ki rubuta su a gabansu.