Muhawara: Sai mayalin ya dawo kifi ke sake gani?

Dakta Hadiza (Idi-Araba): Assalamu alaikum. Ana yawan cewa kifin da aka raunata wa jijiyar gani ba ya sake gani sai mayalin, wato kitsen da ke naɗe zaruruwan jijiya, ya gama lulluɓe sabbin zaruruwan da suka tsiro. Ni ban yarda ba.

Malam Bashir (Agege): Wa alaikumus salam, Dakta. Ni kuwa na yarda. Zare ba mayalin tamkar wayar lantarki ce ba roba, saƙo yakan zube a hanya. A 2016 masu bincike a Boston sun tsirar da zaruruwan ɓera har ƙwaƙwalwa, amma gani bai dawo ba sai da aka ba shi 4-AP, maganin da ke toshe ƙofofin da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu a jikin zaren, don zaruruwan tsirara suke.

Dakta Hadiza: Malam, ai wannan ɓera ne. Ɗauki kifin zebra: a sa shi barci da tirikain, a ɗan zaro ƙwayar idon, a matse jijiyar da hantsaki na daƙiƙa 10. Cikin kusan mako guda zaruruwa sun isa tektum, sashen ƙwaƙwalwar kifi da ke karɓar saƙon ido, mako biyu zuwa uku ya fara bin ratsin da ke juyawa da ido. A lokacin nan mayalin bai gama kauri ba.

Dakta Usman (Yaba): Ku fara faɗin wane gani kuke nufi. Kifi mai ido ɗaya yakan karkata idan haske na sama, daina karkatar nan kuma rarrabe haske da duhu kawai take nunawa. Farautar ƙaramin abinci mai motsi na buƙatar saƙo mai sauri, a nan Malam Bashir ke da gaskiya. Kuma gwajin kansa na yaudara. In matsar ba ta kai ba, zaruruwan da suka tsira su ke gani, sai a zaci warkewa ce. In an tsinka jijiyar jinin da ke gefe, idon ne ke mutuwa. Ruwa kuma ya tsaya a digiri 28; ɗaki mai na'urar sanyaya iska na sauke shi, tsirowa ta yi jinkiri.

Malam Bashir: Na karɓi rabin maganar. Amma ku lura, a kifin gwal ƙwayoyin Schwann, masu yin mayalin a jijiyoyin da ke wajen ƙwaƙwalwa da laka, kan shigo wurin raunin su yi lulluɓin, kuma mayalin ɗin kifi bai hana tsirowa kamar namu.

Malama Zainab (Obalende): Don Allah a kula da yadda ake kai wannan ga masu hawan jinin ido. A kifi yawancin ƙwayoyin bayan ido na rayuwa bayan raunin, a ɓera yawancinsu sun mutu cikin mako biyu. Ƙwayar da ta mutu ba ta da zaren da za a lulluɓe, don haka kada kowa ya ajiye maganin ɗigawarsa yana jiran wannan binciken.