An zalunci John Wood ko ba a zalunce shi ba?

Ɗan Birni: Jama'a, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Ana ta ambaton 'yan wasan Ostireliya da suka tafi Amurka, an manta da John Wood. Mutumin da ya yi karatu a NIDA, makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Sidni, ya goge a wasan daɓe tare da Melbourne Theatre Company, ya fito a matsayin alƙali a shirin talabijin na Rafferty's Rules, sannan ya riƙe Blue Heelers, shirin 'yan sanda na tashar Seven, daga 1994 har 2006 yana Saje Tom Croydon na garin Mount Thomas. Sau 9 ana sa sunansa a takarar Gold Logie, babbar lambar yabo ta talabijin a Ostireliya, yana faɗuwa, sai a 2006 aka ba shi. Wallahi an zalunce shi.

Maman Biyu: Zalunci kuma? Malam, ka ji tsoron Allah. Wa ya ƙwace masa gona?

Ɗan Birni: Hajiya, ba sai an ƙwace gona ake zalunci ba.

Malamin Firamare: Gold Logie ƙuri'ar masu kallo ce, ba kwamiti ke zaɓa ba. In jama'a suka fi son wani, sunan abin rashin sa'a. Zalunci sai da azzalumi. Nuna mana shi.

Mai Shayi: Azzalumar ai a gidan take. Lisa McCune, wadda ta fito a matsayin Maggie Doyle a Blue Heelers, ita ta kwashe sau 4 a jere, 1997 zuwa 2000. Ƙaramar 'yar sanda a ƙarƙashinsa!

Maman Biyu: To ka fito fili ka ce haushin mace kake ji. Don Maggie ake kunna tashar Seven, ba don wancan dattijo mai ɗaure fuska ba. Ranar da aka harbe ta a shirin, a 2000, ka tambayi waɗanda suka kalla.

Mai Shayi: Ke kin kalla?

Maman Biyu: Ƙanwata ta ba ni labari.

Ɗan Birni: Don Allah mu koma kan wasan daɓensa. Abin da nake nufi, wanda ya saba tsayawa gaban jama'a ba a yanke masa kuskure...

Malamin Firamare: Ba za mu koma ba sai ka janye kalmar. Bayan Lisa ta tafi fa? Georgie Parker ta ɗauka sau 2, Rove McManus sau 3. Su ma azzalumai ne? Kuma ai ya ci Logie ta gwanin ɗan wasa tun zamanin Rafferty.

Mai Shayi: Malam, kullum kai da gyaran Hausar mutane. Nan ba aji uku ba ne.

Malamin Firamare: Da ka zauna aji ukun da ba haka ba.

Mai Shayi: Gara ni, ba ni bin gwamnati albashi.

Baba Alhaji: Kai yara, ya isa haka. Ni dai tambayata, me ya sa aka daina shirin?

Ɗan Birni: Baba, masu kallo ne suka ragu. An tsaya a kashi na 510, daidai da na Homicide, wani tsohon shirin 'yan sanda.

Maman Biyu: Kun ji ko? Babu Maggie, babu kasuwa.

Mai Shayi: Shekara shida ana yi bayan tafiyarta, Hajiya. Lissafi ma sai ƙanwarki ta taya ki?

Maman Biyu: Kar ka ƙara sa ƙanwata a bakinka.

Shugaban Zaure: An rufe. Abin da na fahimta, kowa ya amince ƙuri'a aka kaɗa, don haka babu zalunci, kuma Lisa McCune ce ta ɗauki nauyin shirin kamar yadda Hajiya ta bayyana da hujja. Mai Shayi zai huta na kwana biyu. Maganar wasan daɓe kuwa, Ɗan Birni ya buɗe mata wani zaren in yana so.