Na maƙale a littafi na takwas, in tsallake ko in daure?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a ba ni shawara. Ban taɓa karanta dogon labarin almara na Turawa ba sai bara, da yayana ya haɗa ni da The Wheel of Time na Robert Jordan, littafi har 14. Ukun farko ban san lokacin da na gama su ba, ko a keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci idona na kan waya. Yanzu wata biyu ke nan ina kan na takwas, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sunayen matan Aes Sedai, ƙungiyar masu sihiri a labarin, kaɗai sun cika mini bayan littafin lissafin shago, kuma har yau ina rikita su. Mat, tauraron da na fi so a labarin, ko leƙowa bai yi ba a na takwas ɗin! Waɗanda suka kai ukun ƙarshe da Brandon Sanderson ya kammala bayan rasuwar Jordan a 2007, idan na tsallake zuwa na 11, labarin zai kuɓuce mini?