In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: wa ake yi wa maganar?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. Jiya muka yi sa-in-sa da ƙanena mai karatun kiɗa a jami'a. Na ce ya bi duniya yadda ta zo, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ya ce karin maganar nan ba nasiha ba ce ga mai rawa, kirari ce ga makaɗi. Ya kawo mini misalin Beethoven, makaɗi Bajamushe da aka haifa a birnin Bonn a 1770. Malaminsa Haydn makaɗin fada ne, kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima, komai nasa a auna. Shi kuwa ɗalibin, simfoninsa ta uku (simfoni dogon kiɗa ne da taron makaɗa ke yi tare) da aka kaɗa wa jama'a a Vienna a 1805 ta kusa ninka waɗanda aka saba ji a tsawo, ga tsawa ga makoki, har wasu suka ce ta yi yawa. Na bayansa suka bi sawu, kowa na zuba abin da ke ransa cikin kiɗa. Abin ya tsaya mini a rai. Wa ya yi daidai?

Malamin Firamare: Kai ka yi daidai. Zamani ne makaɗin. Juyin juya halin Faransa ya riga ya girgiza fadoji, shi ma Beethoven rawa ya taka.

Uwar Biyu: A'a malam. Mutumin da ya kurmance, har a 1824 sai da aka juyo da shi sannan ya ga ana tafa masa, kiɗan wa yake ji balle ya taka? Ya tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta ce suna 'yan mata, mai kalangun dandalinsu ya yi tafiya ya dawo da sabon kiɗa mai sauri. 'Yan mata suka yi cirko-cirko. Ita ta ɗaure zanenta, ta shiga fili ta ci gaba da tsohon takunta, ko gezau. Ya ƙara matse kalangu a hammata, ta ƙi. Har zufa ta jiƙe masa riga. Ƙarshe shi ya sauko ya bi ƙafarta, aka yi ta guɗa.

Ɗan Tudun Wada: Amin, Hajiya. Ke nan rawa ma tana sauya kiɗa?

Baban Amira: Tambayi 'yan siyasarmu, su da ke sauya sheƙa tun makaɗi bai ɗauki ganga ba.

Malamin Firamare: Ai shi Beethoven sunan Napoliyon, jagoran Faransa, ya fara sa wa simfonin nan, amma da ya ji ya zama sarkin sarakuna a 1804, kankare sunan ya yi. Namu kuwa sai an daina liƙi ake cire suna.

Uwar Biyu: Ku bari in ƙarasa mana. Bayan shekara guda, sabon kiɗan nan da ta ƙi, shi aka kaɗa a bikinta, kuma ita da bakinta ta ce a kaɗa.

Baban Amira: To Hajiya, ta taka ko ba ta taka ba?

Uwar Biyu: Amarya ce fa, tana cikin lulluɓi.