Kek ɗin tukunya yana ƙonewa ta ƙasa, tsakiya kuma ya lotsa: daga ina matsalar take?

Maman Ilham

Assalamu alaikum. Don Allah masu sana'ar kek ku taimaka min. Ba ni da obin, a tukunya nake gashi da yashi a kan kurfoti. Ga yadda kwaɓin yake: bota leda 1 mai gram 250, sukari gwangwanin madara 2, ƙwai 6, fulawa gwangwani 3, bekin foda babban cokali 1 a cike, sai madarar ruwa rabin gwangwani. Nakan juye shi duka a gwangwanin gashi guda ɗaya in ɗora a kan yashin. Da farko yakan tashi sosai har ya kusa taɓa murfi, amma da na buɗe in duba sai tsakiyar ta faɗa. Ƙasan ya yi baƙi ƙirin, cikin kuma danƙo kamar bai ga wuta ba. Kwaɓin ne ko wutar?

Hajiya Mai Kek

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Duka biyun ne, amma lotsawar daga kwaɓi ta faro.

Bekin fodar ta yi yawa ƙwarai. Babban cokali ɗaya a shafe daidai yake da ƙaramin cokalin shayi 3, in kuma an ciko shi ya yi tozo zai iya kai 5. Fulawa gwangwani 3 ba ta wuce gram 250 zuwa 270 ba, abin da take buƙata ƙaramin cokali 2 ne a shafe. Idan bekin fodar ta yi yawa, iska takan cika kwaɓin ya kumbura da sauri tun ƙwai da fulawa ba su daskare sun riƙe shi ba. Shi ya sa kike ganin ya tashi har murfi, daga baya ya zube. Yawanta kuma yana sa ɗan ɗaci-ɗaci a harshe.

Na biyu, ruwa-ruwa ya rinjayi gari. Ƙwai 6 da rabin gwangwanin madara da sukari gwangwani 2 sun fi ƙarfin wannan fulawar, don shi ma sukari narkewa yake a wuta ya ƙara wa kwaɓi laushi. Ga awon da zai tsaya miki: bota leda 1, sukari gwangwani 1 da rabi, ƙwai 5 matsakaita, fulawa gwangwani 3 a shafe, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, filebo ƙaramin cokali 1. Madara ba dole ba ce. Sai in kwaɓin ya yi tauri ki sa babban cokali 2 ko 3.

Wajen haɗawa, ki fara buga bota da sukari su kaɗai har sai sun yi fari sun yi sauƙi. Da muciya aikin minti 15 zuwa 20 ne, da na'ura kamar minti 5. Nan ne ake gaggawa, alhali wannan bugun shi ke shigar da iskar da ke sa kek laushi. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya ake sawa, kowanne a buga ya ɓace kafin a fasa na gaba. In kika ga kwaɓin ya fara tsinkewa yana gudaji-gudaji, ki zuba cokali ɗaya na fulawa zai haɗe. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin foda sau biyu, ki zuba ta kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Da zarar garin ya ɓace ki tsaya. Bugun kwaɓi bayan an sa fulawa shi ke jawo danƙo da tauri.

Ki ɗebo da ludayi ki karkata shi: in ya ɗan tsaya sannan ya faɗo dunƙule, ya yi. In ya zuba kamar kunu, ruwa ya yi yawa.

Umman Sadik

Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni kuma bari in yi maganar wuta, don ko kwaɓi ya yi daidai, muddin gwangwani na zaune kai tsaye a kan yashi sai ƙasansa ya ƙone. Yashin nan aikinsa ya riƙe zafi ya baza shi cikin tukunya, ba mazaunin kek ba ne.

Ki samu tukunyar dalma mai kauri, babba, wadda in kin sa gwangwanin zai bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da jikinta ta ko'ina, sama ma ya rage fili. Kada ki yi amfani da tukunya mai baƙin shafin nan na hana kamu, ko mai mariƙin roba, ko murfin gilashi, ba sa jure wuta in babu ruwa a ciki. Ki zuba yashin rafi wanda aka wanke aka shanya ya bushe ƙarau, kaurin yatsa biyu zuwa uku. Yashi mai danshi yakan tayar da tururi, ruwan ya taru a murfi ya riƙa ɗiga a kan kek. Sai ki jera ƙananan gwangwanayen tumatir guda 3 marasa komai a kan yashin, ko duwatsu masu faɗi tsayi ɗaya, ki ɗora gwangwanin kek a kansu. In na tumatir ne, ki fara jefa su a wuta fentin jikinsu ya ƙone kafin ranar gashi, don kada warin ya kama kek.

Gawayi kuma sai ya kama duka, ya daina hayaƙi, farar toka ta lulluɓe shi. Kada a cika kurfoti, shimfiɗa ɗaya ta isa, a ture yawancin garwashin gefe-gefe a bar tsakiya da kaɗan. Ki rufe tukunyar ta yi zafi minti 15 kafin kek ya shiga. Kek yana son zafin da ya kai digiri 170 zuwa 180, ga yadda za ki gane ba tare da ma'auni ba: ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa a ciki ki rufe. In bayan minti 5 ta yi ruwan zuma, wuta ta yi daidai. In ta yi baƙi, ki kwashe garwashi. In tana nan fara, ki ƙara jira.

Bayan kek ya shiga babu fifita. In wuta ta yi sanyi, garwashin da aka riga aka hura a gefe za ki ƙara, ba ɗanyen gawayi ba.

Sannan wannan kwaɓin ya kai kilo ɗaya, ya yi wa gwangwani guda yawa a gashin tukunya. Ki raba shi biyu a gwangwani mai faɗin inci 7 ko 8, kada ya wuce rabi ko kashi biyu cikin uku. Ki shafa bota, ki shimfiɗa takardar gashi ninki biyu a ƙasa. Zai ɗauki minti 35 zuwa 45. Ƙanana na ɗaiɗai kuwa minti 20 zuwa 25 ne. Babba kada a buɗe shi kafin minti 30, domin kowace buɗewa zafin da ya taru yake ficewa, tsakiyar da ba ta daskare ba ta faɗa.

Don Allah a yi wannan aikin a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa. Iskar da garwashin gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki tana kisa, kuma ba ta wari balle a ankara.

Anti Rabi

Ƙari a kan na Umman Sadik: akwai masu cewa a zuba garwashi a kan murfi tun daga farko. Ban goyi bayan haka ba ga babban kek. Saman yakan yi ɓawo da wuri, cikin yana ta tashi, sai ya tsage ta tsakiya. A bari sai minti 10 na ƙarshe, a kifa murfin ya zama kamar faranti, a ɗora garwashi 5 ko 6 ƙanana don saman ya yi ja.

Yanayi ma yana taɓa kwaɓi. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, bota takan narke tun a leda, narkakkiyar bota kuwa ba ta riƙe iska ko an kwana ana bugu. A sa ledar cikin ruwan randa ko firji ta ɗan kama, a yi kwaɓin da sassafe. Da hunturu kuma tauri take yi, sai a ajiye ta kusa da murhu ta saki har yatsa ya iya lotsa ta, amma ba a ɗora ta a wuta ba. Da damina bekin foda ce ke shan danshi ta mutu. A zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi: in ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru a sayi sabuwa.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura tambaya biyu. In a kan gas ne fa? Kuma ya zan tabbatar ya gasu ba tare da na yi ta buɗewa ba?

Hajiya Mai Kek

Amin. Gas ya ma fi sauƙin sarrafawa. Tsarin tukunya da yashi bai canza ba. Ki zafafa minti 10 a matsakaiciyar wuta, ki yi gwajin fulawar nan, kek na shiga ki mayar da wutar ƙasa sosai, a kan ƙaramin kan murhun.

Hanci ne zai fara gaya miki, ƙamshi yakan cika gida in ya kusa. Bayan minti 30 ki ɗaga murfi kaɗan ki leƙa. In tsakiya na sheƙi ko tana rawa, ki rufe ki ƙara minti 7 ba tare da kin taɓa shi ba. In ta bushe, gefen ya fara rabuwa da gwangwani, ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya har ƙasa. Ya fito a bushe ko da ɗan ɓurɓushi, ya gasu. Ki sauke ki bar shi minti 10 a gwangwaninsa, sannan ki zagaya gefen da wuƙa ki kife shi a kan raga ko faifai ya sha iska. Kada ki sa shi a leda sai ya huce sarai, in ba haka ba zai yi gumi ya yi saurin lalacewa.