Sabis a shago, shiru a cikin gida: yaya zan raba intanet da rauta ta biyu?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar masana. Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Ina da rauta, wato na'urar raba intanet ta wayfay, mai cin layi, ta 4G, kuma ba ta samun sabis na kirki sai a shagon ƙofar gida, jikin tagar gabas. Daga shagon zuwa sashen iyali kamar mita 35 ne, akwai zaure da shigifa a tsakani, katangun ƙasa uku ke nan. Wayfay ɗin tun a shigifa yake mutuwa.

Na sayo rauta ta biyu wadda ba ta cin layi, mai rami ɗaya shuɗi da huɗu ruwan ɗorawa. Na haɗa su da guntun kebul a shago don gwaji, na soka a ɗaya daga cikin ruwan ɗorawan. Wata wayar ta yi aiki lafiya, wata ta ce ta haɗu amma babu intanet, gobe kuma su yi musanya. Wutarmu sola ce, batir ɗaya 100Ah da ƙaramar inbata. Me na yi ba daidai ba? Kuma yaya zan kai ta cikin gida?

Na Gaya:

Wa alaikumus salam. Malam, me zai hana ka mayar da ta biyun mai maimaita sigina kawai? Yawancinsu suna da wannan a saiti. Ka ajiye ta a shigifa, ta kamo daga shago ta tura ciki, ba ruwanka da jan waya.

Injiniyan Bichi:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na Gaya, a gidan bulo mai falle ɗaya shawararka za ta yi, amma a nan ba na goyon baya. Mai maimaitawa abin da ta ji shi take faɗa. Ya ce tun a shigifa wayfay ke mutuwa, to raunannen abu za ta kama ta tura ciki. Ga shi da rediyo ɗaya take saurare kuma take magana, saboda haka gudun yakan ragu kusan rabi. Sannan katangar ƙasa mai kauri tana shan sigina, in damina ta sauka ta jiƙe abin ya ƙara lalacewa, domin ruwa yana cinye irin wannan zangon. Abin da ya yi aiki da rani sai ya ƙi a watan Agusta. Kebul ne magani.

Malam Ɗan Ringim, bari mu fara da ciwon da kake gani yanzu. Kowace rauta tana da wani aiki da ake kira DHCP, shi ne ke raba wa wayoyi lambar adireshi, ya kuma gaya musu ƙofar da za su bi su fita intanet. Da ka soka kebul a ramin ruwan ɗorawa, sai gida ɗaya ya zama da masu gida biyu. Waya ta shigo ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi za ta bi. In mai layin ce ta amsa, lafiya lau. In ta biyun ce, sai ta ce wa wayar "ni ce ƙofa", alhali bayanta bango ne. Shi ya sa abin yake kamar canki-canka. Kuma akwai yiwuwar dukansu biyu suna kan adireshi ɗaya, don 192.168.0.1 ya yi yawa a kasuwa.

Ga gyaran. Ka fara juya mai layin ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta, za ka ga adireshinta. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Mu ɗauka taka 192.168.0.1 ce. Ka shiga shafinta ka duba daga ina zuwa ina take rabon adireshi, sau da yawa daga 100 ne zuwa sama.

Yanzu cire kebul ɗin da ke tsakaninsu gaba ɗaya. Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa, su yi ta saita wadda ba ita suke nufi ba. Kunna ta biyun ita kaɗai, sa tsinke a ɗan ramin Reset ka danne kamar daƙiƙa goma har fitilu su ɗauke su dawo. Kashe datar wayarka, ka kama wayfay ɗinta, ka rubuta adireshinta a burauza, a layin sama, ba a akwatin binciken Google ba. In ka shiga:

Ka je sashen LAN, wato saitin haɗin cikin gida, ka canja adireshinta zuwa 192.168.0.2. Lambobi ukun farko dole su zama irin na mai layin, ta ƙarshen ce kawai za ta bambanta, kuma kada ta faɗa cikin waɗanda mai layin ke rabawa. Za ta kashe kanta ta tashi, ka sake shiga da sabon adireshin.

Ka sa sunan wayfay da kalmar sirri. Tsaro ka zaɓi WPA2 mai AES, kalmar ta kai haruffa goma sha biyu ko fiye, ba lambar wayarka ba, don duk ƙauyen sun haddace ta. Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Ka canja kalmar shiga shafin rautar ita ma, kada ka bar ta a admin.

DHCP shi za ka kashe a ƙarshe, ka adana. Sai ka mayar da kebul, daga ramin LAN na mai layin zuwa ramin ruwan ɗorawa na ta biyun. Shuɗin, wato WAN, ka bar shi fanko.

In kuma ka ga tana da zaɓin Access Point a saiti, danna shi ya wadatar, ita za ta yi duk wannan da kanta, sai ka bi ramin da littafinta ya nuna.

Batun tasha kuma, a zangon 2.4GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Ba ta shago 1, ta cikin gida 11. In ta biyun tana da 5GHz ka bar shi a kunne don masu zama kusa da ita, amma kada ka sa rai zai ratsa katangar ƙasa.

Kebul: ka sayi mita 45 ko 50, don kwana da hawa bango suna cin tsawo. Iyakar irin wannan kebul mita 100 ce, kana da sauran fili. Cat5e ya isa, Cat6 ma ba laifi. Abin lura shi ne ya zama jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wanda alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kafin a yanka maka, ko a Farm Centre ne ko Sabon Gari, ka fere silli ɗaya ka kankare shi da reza. In fari ya bayyana a ciki, ajiye musu kayansu, yana karyewa a bakin kan da ake matse wa kebul kuma ba ya ɗaukar wuta sosai.

Kada ka shanya shi a sama daga rufi zuwa rufi kamar igiyar shanya. Rana za ta gasa robar, iskar farkon damina ta yi ta wasa da shi. Zura shi a fayif ɗin roba na masu wayarin, ka binne kamar kamu ɗaya zuwa biyu, ka bi gindin katanga inda ba a kafa turke ba a haƙa rami. Bakin fayif ɗin ya kalli ƙasa, ka toshe shi, saboda ruwa da ɓera. Kada a yi masa gami a tsakiya.

Ita kuma ta biyun, ka rataye ta sama da tsayin mutum a ƙarƙashin rumfa ko baranda mai kallon tsakar gida, inda ƙofofin ɗakuna suke fuskantarta. Sigina ta ƙofa da taga take shiga. Amma kada ta manne da kwanon rufi: ƙarfe yana tare sigina, kuma zafin kwano a watan Afrilu yana sa rauta ta riƙa sumewa da azahar.

Mai Sola Hadejia:

Injiniya ya gama magana a kan saiti. Ni wuta zan taɓa.

Alhaji, kada ka bar inbata a kunne dare da rana saboda rauta. Rautocin nan biyu a haɗe da wuya su wuce wat 12 zuwa 15. Ƙaramar inbata kuwa, ko ba a jona mata komai ba, tana iya shan kwatankwacin haka ita kaɗai. Ka ga an ɗauki wutar batir an mai da ta 220, caja ta sake dawo da ita 12, asara biyu.

Lissafin: wat 12 sau awa 24 ya ba ka 288Wh a yini. Batir ɗinka 12V sau 100Ah, 1200Wh ke nan a takarda, amma in mai ruwa ne ko jel, rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Ka ga rautoci kaɗai sun kusa cinye rabin rabonka kafin a kunna fanka. In kana kashe su daga sha ɗayan dare zuwa asuba ka rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ka ɗauki wutar kai tsaye daga batir, amma da sharaɗi. Karanta jikin cajar kowace rauta. Masu layi yawanci 12V ne, amma ƙananan nan masu eriya biyu da yawansu 9V ne, wasu ma 5V. In ka ba mai 9V wutar batir, ƙauri za ka ji. Ko mai 12V ɗin ma, batirin sola ba ya tsayawa a 12, da rana in yana caji yana haura 14. Saboda haka ka sa ɗan allon nan mai daidaita wutar DC a tsakani, ka saita shi da mita kafin ka jona, ka sa fis na 3A kusa da kan batir. Ka tabbatar da fuska: a yawancinsu tsakiyar filogin ne mai alamar tarawa, akwai zanen a jikin caja.

Ta cikin gidan kuma ba sai ka ja mata wata waya ba. In ramukanta na 100Mbps ne, silli huɗu kawai data ke bi cikin takwas ɗin, shuɗaye da ruwan ƙasa zaune suke. Akwai 'yan igiyoyin PoE, masu tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet, da ake sayarwa biyu-biyu, ɗaya a shago ɗaya a ciki, su ke ɗora wuta a kan sillayen da ke zaune. A tsawon nan za ka rasa kamar 1.5V zuwa 2V a hanya in kebul ɗin jan ƙarfe ne. In rautar mai 9V ce abin ya zo daidai: tura 12, ka sa mai rage wutar a can ƙarshen, kusa da ita.

In hadari ya haɗo da tsawa, zare kebul ɗin daga rautocin biyu. Binnewa tana ragewa, ba ta hanawa.

Ɗan Ringim:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Na bi matakan, yanzu duk wayoyi suna samu a gwajin shago. Ta biyun tawa mai 9V ce kuwa, Allah ya kiyaye ban jona ba. Sai dai na ja dogon kebul ɗin, wani yaro mai gyaran waya ya matse mini kawunan, fitilar LAN tana kamawa tana ɗaukewa. Da guntun kebul kuma lafiya lau.

Injiniyan Bichi:

Matsar kan ce. Masu koyo suna ɗauka in dai launukan sun yi daidai a kai biyun shi ke nan. A mita biyu za ka tsira da haka, a mita 45 ba za ka tsira ba, domin sillayen a murɗe suke biyu-biyu da gangan, kuma dole ƙafa ta 3 da ta 6 su fito daga murɗi ɗaya. Riƙe kan, maƙallin yana kallon ƙasa, ƙarafunan suna sama, ka jera daga hagu: fari mai ruwan goro, ruwan goro, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka a duka ɓangarorin. Kada a warware murɗin ya wuce faɗin ɗan yatsa, rigar kebul ɗin ta shiga cikin kan a danne ta, kuma ka hango jan ƙarfen kowane silli ya taɓo ƙarshe kafin a matse. Ku sayi kawuna shida ko takwas, na farko ba ya cika yin kyau.

Malama Ta Dutse:

Sannunku da ƙoƙari. Malam, tun kafin ka kai wayfay cikin gida ka shirya wa data, in ba haka ba ta wata za ta ƙare a mako ka ce cinye maka ake yi. Waya in ta ga wayfay ɗauka take kyauta ne. Nan take za ta hau sabunta manhajoji, ta kwashi hotuna ta tura ma'ajiyar Google, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka watsa a guruf ɗin dangi.

Ka karɓi kowace waya ka yi abu uku. A saitin wayfay ɗin gidan ka nuna mata cewa mai awo ne, a Android akwai zaɓin Metered. A Play Store ka hana sabuntawa da kanta. A WhatsApp ka cire saukar bidiyo kai tsaye a kan wayfay. YouTube kuma a ajiye shi a 360p ko 480p, a fuskar waya ya isa, kuma bai kai rabin abin da 720p ke sha ba.

Kalmar sirri ma kada ka dogara da cewa kai ka rubuta musu da hannunka. Daga Android 10 zuwa sama, duk wanda ya haɗu zai iya fito da hoton QR ya nuna wa aboki, ko ya ga kalmar a rubuce. Yaro ɗaya ya isa ya raba wa majalisar ƙofar gida. In ta biyun ko mai layin tana da wayfay na baƙi, buɗe shi ga 'yan shago da kalmarsa daban, ka riƙa canja ta duk Juma'a.

Na Gaya:

Na karɓi gyara a kan mai maimaitawa. Amma Malama, ai tacewa da MAC, wato lambar shaidar kowace waya a wayfay, ya fi sauƙi, ya rubuta wayoyin gida kawai, ko an ba wani kalmar ba zai shiga ba.

Malama Ta Dutse:

Yana aiki, Malam Na Gaya, in an kula da abu biyu. Wayoyin yanzu suna ƙirƙiro MAC na bogi ga kowane wayfay, sai ya shiga saitin kowacce ya zaɓi na ainihin wayar kafin ya rubuta, in ba haka ba ranar da ta canja lamba uwargida ce za ta fara tsintar kanta a waje. Na biyu, a tsarin da Injiniya ya ba shi, tacewar wayfay ta mai layin ba lallai ta kama masu shigowa ta rautar cikin gida ba, tunda ta kebul suke iso mata. Sai ya rubuta jerin a rautocin biyu, kuma ya fara sa wayarsa a ciki kafin ya danna adanawa.